Kogin Volta daga Akosombo zuwa Ada: ambaliyar da ta zo da wadda aka hana zuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan Kogin Volta na ƙasar Gana, musamman guntunsa na ƙarshe, daga madatsar ruwa ta Akosombo zuwa inda ya faɗa teku a Ada, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka. Ba a cika jin sunan kogin nan a kafafen labarai na Hausa ba sai in wuta ta yi ƙaranci a Akra, ko ruwa ya ci gari kamar yadda ya ci Mepe a Oktoban 2023. A ganinmu ruwan 2023 ɗan guntun labarin ne. Babbar asarar mutanen da ke ƙasan madatsar ita ce ambaliyar shekara-shekara da aka hana zuwa tun kusan shekara 60, kuma rashinta ne ya sa wadda ta zo daga baya ta same su ba shiri.

Ruwan da ke fita teku a Ada yawancinsa ba a kudu aka yi shi ba. Kogin yana tattara ruwan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 400,000 a ƙasashe shida: Gana, Burkina Faso, Togo, Benin, Kodebuwa da Mali. Manyan rassansa su ne Baƙin Volta, da Farin Volta wanda Jan Volta ke zuba a cikinsa, sai Oti da ke gangarowa daga arewacin Benin ta ratsa Togo. A arewacin yankin, inda yawancin ruwan ke fitowa, damina ɗaya ce, ruwa ya sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba sannan ya ɗauke. Shi ya sa kogin ke cika a Satumba da Oktoba ko da a Sogakope, garin da ke ƙasan madatsar, ba a yi ko yayyafi ba a makon. Mutumin bakin teku zai ga sama tas, alhali ruwan da zai shiga ɗakinsa an riga an yi shi makonni da suka wuce a wajen Bolgatanga ko Wagadugu.

Injiniyoyi da kubik mita a daƙiƙa suke auna gudun kogi. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato duro biyar. In aka haɗa ruwan shekara duka aka raba, Volta na zuba wa teku wajen kubik mita 1,200 a kowace daƙiƙa. Amma kafin a datse shi bai taɓa tafiya a kan wannan matsakaicin ba. A ƙarshen damina yakan kai 5,000 ko ya wuce. A Maris da Afrilu kuwa ya tsotse har tsibiran yashi su fito a tsakiyarsa, ruwan gishiri ya samu hanya ya hauro cikinsa da nisa duk lokacin da teku ya cika.

A kan wannan hawa da sauka mutanen Tongu da Ada da Anlo, mazauna gaɓar kogin da bakin teku a ƙasan madatsar, suka gina rayuwarsu. Ruwa ya hau a Satumba, ya tsallake gaɓa, ya bi ƙoramu ya cika kududdufan da ke bayan garuruwa, har ya kai manyan tafkunan da ke kusa da teku. Kifi ya biyo shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai yawan abinci. Da ruwa ya fara janyewa a Nuwamba sai a tare bakin ƙorama da shinge da gura, a kama kifin da ke neman komawa kogi, wanda ya maƙale a kududdufi kuma a bar shi sai rani ya yi nisa a yi su. Ƙasar da ruwan ya sauka ya bari tana ɗauke da sabuwar laka, a shuka masara da rogo da dankali da kuɓewa ba taki ba ban-ruwa. Wanda ya san fadamun Hadeja da Nguru kafin a gina Tiga ya san tsarin, domin kusan iri ɗaya ne. Ruwan kuma yana da wani aiki da ba wanda ya kula da shi sai da ya daina: ƙarfinsa kan tumɓuke ciyawar ruwa, ya kankare taɓo daga kan yashin da ke ƙasan kogi, ya kwashi yashi ya kai wa teku, ya sake buɗe bakin kogin da igiyar ruwa ta yi rani tana cushewa.

Kogin nan ba baƙo ba ne a tarihin Hausawa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, jakunansu ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a Salaga suke sauke kaya, kuma cikin hajojin da suke tararwa a kasuwar akwai gishirin Ada. A tafkin Songor da ke yamma da bakin kogin ake kwasarsa da rani, bayan iskar hunturu da rana sun ƙafar da ruwan gishiri ya kwanta fari fat. A loda shi a manyan kwalekwale a yi ta turawa da dogayen sanduna ana hawan ruwa. Inda duwatsu suka tare hanya, kamar Kpong da Senchi da Krachi, sai a sauke kaya a ɗauka a ka, a ja jirgi a wuce, a sake lodi. Wannan saukalen na cikin abin da ya mai da Krachi kasuwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai da yawa suka koma zangon Kete da ke gefen Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Larabci da Hausa, wanda ya zama limamin garin har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya zauna yanzu yana ƙarƙashin tafki. Kete Krachi ta yau sabuwa ce da aka tayar a kan tudu.

Ta bakin teku kuwa Turawan Denmak ne suka kafa ganuwa a Ada a 1783 da kuma Keta a 1784, don bayi da sauran hajar da ke gangarowa ta kogin. Daga baya ƙananan jiragen ruwa masu tururi suka riƙa hawa daga Ada zuwa Akuse suna kwaso manja da koko, kafin hanyoyin mota su kashe wannan sufuri.

An fara ginin Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da shi. Bango ne na duwatsu da yumɓu mai tsawon mita 660 da tsayin mita 114. Injinanta shida suna ba da megawat 1,020 bayan gyaran da aka kammala a 2006, kuma da farko babban mai sayen wutar shi ne masana'antar narka alminiyam ta VALCO da ke Tema. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai murabba'in kilomita 8,500, yana riƙe da kubik mita biliyan 148, wato kusan ruwan da kogin ke kawowa a shekara huɗu. A riƙe wannan lissafi, domin shi ne tushen komai: madatsar da ke iya haɗiye ruwan shekara huɗu tana iya shanye ambaliyar kowace damina ba tare da ta nuna ba. A 1982 aka ƙara ta Kpong, wajen kilomita 25 ƙasa da ita, mai megawat 160. Tafkin Kpong ƙarami ne, abin da Akosombo ta sako shi take wucewa da shi, ba ta da wurin ajiye ambaliya.

Mutum wajen 80,000 da tafkin ya cinye garuruwansu an ƙidaya su, an gina musu sababbin matsugunai 52. Gidajen ba su wadatar ba, gonakin ma haka, amma dai sun shiga lissafi. Waɗanda ke ƙasan madatsar ba su shiga ba, tunda ba wanda ruwa ya rufe masa ɗaki. Abin da ya same su ya fi wuyar rubutawa a takardar diyya: kogin ya daina cika, ya kuma daina janyewa. Tun daga lokacin yana tafiya ne a kan abin da injinan lantarki suka sha suka fitar, wajen kubik mita 1,000 zuwa 1,500 a daƙiƙa, damina da rani. Ƙoramu suka bushe, bakinsu ya cike da ƙasa. Fadama ta daina samun laka. Masuntan Tongu da yawa suka kwashe komarsu suka haura tafki, shi ya sa har yau in ka je sayen banda a Yeji ko Dambai ko Buipe za ka tarar masu kamun da yawa asalinsu Battor ne ko Mepe.

Sana'ar da ta fi nuna wannan canji ita ce ta ƙumbar ruwa, wani abin ruwa mai ɓawo biyu da ƙabilar Ewe ke kira adodi, wanda ake soke namansa a tsinke ana tallarsa a gadar Sogakope. Ga masu tambaya, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi abin ruwa halal ne. Wannan ƙumba ba ta rayuwa sai a ƙarshen koguna kusa da teku, a cikin yashi mai tsabta da ruwa ke gudu a kansa. A da sana'ar mata ce. Da rani, ruwa ya ja baya ya yi garau, sai su shiga su lalubo da ƙafa su nutsa su ɗebo, tun daga wajen Akuse har Sogakope. Da ambaliya ta daina share ƙasan kogi sai ciyawa ta kafu, ciyawa ta tare taɓo, taɓo ya rufe yashi, ƙumba ta rasa wurin zama. Yanzu kamun ya tattare a ɗan yanki kusa da Big Ada da Agave, kuma ya koma hannun maza masu nutso da injin iska. Injin yana cikin kwalekwale, doguwar roba ta sauka zuwa bakin mai nutso, ya daɗe a ƙasa yana cika buhun raga. Haɗarin da ya fi yawa shi ne a ajiye bakin da injin ke shaƙar iska kusa da bututun hayaƙinsa, mai nutso ya yi ta shaƙar hayaƙi a ƙarƙashin ruwa har kansa ya juya bai sani ba. Sai kuma robar da ta tsufa ta tsage, da injin da ya mutu don mai ya ƙare ba wanda ke lura a sama. Masu sana'ar suna da dokarsu ta gargajiya: ba a kamu ranar Talata, kuma ana rufe ruwan daga Disamba zuwa wajen Maris. Suna kuma kiwo, su ɗebi ƙanana su kai wani fegi na yashi da kowa ya san mai shi, su bar su watanni su yi girma. Ɓawon ma kuɗi ne, ana ƙona shi a yi farar ƙasa, ana niƙa shi a zuba a abincin kaji masu ƙwai, ana kuma cakuɗa shi da siminti a maimakon tsakuwa.

Ciyawar da ta kori ƙumba ita ta kawo tsargiya. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar a jikin ciyawar ruwa suke zama, kuma abu biyu ne ke kashe su, ruwa mai ƙarfi da ruwan gishiri. Madatsar ta kawar da na farko kai tsaye, na biyun kuma a kaikaice, domin da ambaliya ta daina buɗe bakin kogi yashi ya taru ya kusa toshe shi, ruwan teku ya daina haurowa. A wasu ƙauyukan bakin tafki, cikin 'yan shekaru da cikarsa, yara tara cikin goma aka samu da cutar. Yadda take yawo a sani yake. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, bayan mako huɗu zuwa shida tsutsotsin da ido ba ya gani su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, bayan wata biyu ko uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Ba sai an sha ba. Wanka da wanki da alwala a bakin kogi duk hanya ce, kuma tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke iyo manya ke alwalar azahar. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye a randa ko duro kwana biyu cur ya kuɓuta daga wannan tsutsa, domin ba ta wuce haka da rai in ba ta samu jiki ba. Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu masu 600, a sha bayan an ci abinci, a hannun ma'aikacin lafiya. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka sha ɗaya ya gama. Maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya kama ƙananan da suka shiga jiki kwanan nan, kuma ba ya hana sabon kamu in yaro ya koma ruwan gobe. Tun 1990 Hukumar Kogin Volta, VRA, mai kula da madatsar, ta sa jirgin yasa a Ada don ya riƙa yanka hanya a cikin yashin bakin kogi ruwan gishiri ya shigo. Dabarar tana aiki, amma sai an dawwama a kanta, domin igiyar ruwa ba ta hutu.

Yashin da kogin ya daina kaiwa teku shi ma yana da masu jiransa. A gaɓar nan igiyar ruwa daga yamma take tura yashi zuwa gabas, saboda haka abin da Volta ta zubar a Ada shi ke ciyar da gaɓar Anlo da Keta har zuwa Togo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin da ke isa teku ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100, sauran yana kwance a gindin tafki. Gaskiya ne teku ya fara cin Keta tun kafin madatsar, kuma masu ɗibar yashin gini a gaɓa da masu sare itatuwan fadamar gishiri don bandar kifi suna da nasu laifin. Amma cin ya ƙaru bayanta. A 1980 teku ya rushe wani sashe na tsohuwar ganuwar Keta. Aikin kare garin da aka kammala a 2004, wanda ya ci sama da dala miliyan 80, harsunan duwatsu ne da aka jera suka shiga cikin teku don su tare yashi. Sun tsare inda aka sa su, sai dai yashin da suka tare shi ne wanda da zai wuce gaba, don haka cin ya matsa gabas da su. Ƙauyen Fuveme da ke dab da bakin kogin ta gabas kuwa teku ya riga ya tashe shi.

Ba muna cewa madatsar ba ta yi amfani ba. Wutarta ce ta ɗauki Gana shekaru da dama har ana sayar wa Togo da Benin. Ruwan famfon Tema da wani babban sashe na Akra daga Kpong ake jawo shi. Akwai shinkafar ban-ruwa a Asutsuare da Aveyime, akwai ayaba ta fitarwa waje. Duwatsun Kpong, waɗanda a da matattarar ƙudan da ke kawo makanta ne, ruwa ya rufe su. Kiwon karfasa a keji ya zama babbar sana'a a tafki da ƙasan madatsar, duk da cutar da ta kashe kifi mai yawa daga ƙarshen 2018. Abin da muke cewa shi ne amfanin ya tafi birni, asarar ta zauna a Tongu da Ada da Anlo.

Mu zo kan 2023. Ana auna tsayin ruwan tafkin da ƙafa. Ƙasa da ƙafa 240 injina ba sa aiki yadda ya kamata, sama da 278 kuma bangon kansa yana cikin haɗari. Tsakanin biyun ƙafa 38 ne kawai. Idan tafkin ya kusa cika, ƙafa ɗaya a samansa ruwa ne wajen kubik mita biliyan 2.6. To a ce abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita da kubik mita 5,000 a daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne a Satumba mai ruwa. A yini ɗaya an samu ƙarin miliyan 432, wato ƙafa ɗaya duk kwana shida. A juya lissafin: in ana son rage ƙafa ɗaya a hankali, ta hanyar sakin ƙarin kubik mita 1,000 a daƙiƙa wanda kogin zai iya ɗauka ba tare da ya yi ɓarna mai yawa ba, sai an yi kwana 30. Tafkin yana hawa da sauri, saukarsa a hankali kuwa wata take ci. Wanda ya jira sai tsakiyar Satumba kafin ya fara saki, a shekarar da tafkin ya shiga damina yana sama, ya riga ya rasa damar sakin a hankali.

Abin da ya faru ke nan. An buɗe ƙofofin madatsar ranar 15 ga Satumba da ɗan kaɗan, ruwa ya ci gaba da hawa har ya haura ƙafa 277, a farkon Oktoba aka ƙara sakin ya wuce kubik mita 5,000 a daƙiƙa ban da na injina, ba a rufe ba sai 30 ga Oktoba. Mutum sama da 30,000 suka bar gidajensu a Mepe da Battor da Sogakope da Adidome da tsibiran Ada. Ba wanda zai ce kada a buɗe ƙofa a wannan matsayi, domin fashewar bangon ba abin da za a kwatanta da shi. Amma a lura da adadin. Ruwan da ya tashi garuruwan nan bai fi wanda kogin ke kawowa a damina mai kyau kafin 1964 da wani abin kirki ba. Kogin bai yi abin da bai saba ba. Mutane ne suka yi shekaru suna gina gidaje da makarantu da shaguna da masai a cikin tsohuwar hanyarsa, hukuma tana kallo tana ba da izini, saboda tun sakin ruwan da aka yi a 2010 ba a sake ganin ruwa a wurin ba. Ƙoramun da za su raba ruwan su kai shi fadama sun cike. Gidan ƙasa kuwa ba ya buƙatar ruwa ya kai taga, in gindinsa ya kwana uku a jiƙe zai zauna. Masai da maƙabarta suka haɗe da ruwan sha. Kejin kifi da aka ɗaure da anka daidai ruwa mai sanyin gudu suka tsinke suka bi kogi da kifinsu.

Mun san dalilin da ke sa masu kula da madatsar riƙe ruwa. Duk kubik mitar da ta bi ƙofa ba ta bi inji ba, wuta ce da ba a sayar ba. Kuma suna tuna 1983 da 1998 da 2007, shekarun da tafkin ya yi ƙasa har aka shiga rabon wuta, a 2007 ma ya sauka ƙasa da ƙafa 240. Wanda ya sha wannan zagin ba zai so zubar da ruwa a Agusta don tsoron abin da watakila ba zai zo ba. Sai dai yanayin ya canja. Yanzu fiye da rabin wutar Gana daga tashoshin gas take fitowa, ga madatsar Bui mai megawat 400 a kan Baƙin Volta tun 2013. Akwai sararin da babu shi a da. Abin da muke nema shi ne ƙa'ida a rubuce wadda kowa zai iya karantawa: in tafkin ya kai ƙafa kaza a ƙarshen Yuli, za a fara sakin kaza, ba sai an jira shawarar wani ba. A haɗa wannan da labarin ruwan sama daga arewa. Madatsar Bagre ta Burkina Faso kan saki ruwa a Agusta ko Satumba, kuma ƙasashen shida suna da hukumar haɗin gwiwa a kan kogin mai mazauni a Wagadugu, don haka sanin abin da ke tafe makonni kafin ya iso ba gagara ba ne.

Mun fi son a wuce nan ma, a mai da sakin ruwa abin kowace shekara. Ƙaramar ambaliya da aka tsara, ta mako biyu ko uku a ƙarshen Satumba, bayan an yashe bakin manyan ƙoramu don ruwan ya samu inda zai shiga. Ba za ta dawo da yashin Keta ba, wannan ya riga ya kwanta a bayan bango. Amma za ta share ciyawa, ta rage katantanwa, ta wanke yashin ƙumba, ta taimaki jirgin yasa a Ada, kuma za ta riƙa nuna wa kowa iyakar kogi kafin ya zuba harsashin gini. Za ta ci wuta, kuma ya kamata a fito a faɗi nawa za ta ci a bar jama'a su auna.

Gargaɗi ma yana buƙatar gyara. VRA ta ce ta yi faɗakarwa da atisaye kafin sakin 2023, kuma ba mu musa ba. Amma sanarwar da ke cewa za a saki kubik ƙafa dubu kaza a daƙiƙa ba ta gaya wa mai shago a Mepe komai ba. Abin da yake son ji shi ne ruwa zai kai ina, kuma yaushe. A kafa turaku masu fenti a kowace unguwa, shuɗi da rawaya da ja, kowane launi daidai da wani mataki na saki, sanarwa ta ce ruwa zai kai rawaya ranar Alhamis. A faɗe ta a rediyo da Ewe da Dangme da Hausa, a kai ta masallatai da coci-coci da tashar mota, domin akwai mutanen zango da Fulani makiyaya a filayen Tongu waɗanda labarin hukuma kan iske su a ƙarshe.

Ga 'yan uwanmu da ke fatauci ko kiwo ko neman fili a wannan yanki, tun daga Akuse har Ada, ga abin da za su iya yi da kansu. Kafin a sayi fili a tambayi tsofaffin garin inda ruwan ambaliyar 1963 ya tsaya, a kuma duba bangayen da ke kusa, har yanzu akwai masu ɗauke da zanen ruwan 2023. In filin yana ƙasa da wannan zane, arahar sa ba araha ba ce. Wanda ya riga ya gina ya ɗaga daɓen sito, ya jera gishiri da masara da albasa a kan katako mai tsayi, ya sa aƙalla layukan farko na bango su zama bulon siminti. Masai kada ya zauna a kwari kusa da rijiya. Mai shanu ya san tudun da zai kai su da hanyar da zai bi tun Agusta, domin hanyar ce ke fara yankewa kafin ruwa ya iso garke. Mai keji ya ƙara anka ta gefen da ruwa ke fitowa, ya rage kifin da ya isa sayarwa kafin Satumba. Kuma VRA tana bayyana tsayin tafkin, ana samunsa a jaridu da intanet. Duk shekarar da aka ga ya haura ƙafa 270 tun Agusta bai ƙare ba, a fara kwashe kaya daga kwari.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'abota karanta jaridarka,
Akra, Gana